Filin Tsakiyar Titi

Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Baƙaƙen da nake rubuta wannan da su a jikin buhun siminti na koye su, ɗaya bayan ɗaya. Shekara arba'in da shida ina gini. Na faɗo daga hawa na uku, na tashi na kakkaɓe wandona. Katanga ta rufta a kaina, aka tono ni bayan awa biyar, abin da na fara tambaya shi ne wa ya ɗauki cokalin aikina. Ambaliya ta cinye gidana na farko har da ƙofofi, muka wuni a kan rufin maƙwabci ni da mai ɗakina da ƴaƴa uku. Da ruwa ya janye na sake gina wani a wurin, na ɗaga shi sama yadda ko kogi ne ya zo sai dai ya gaishe mu daga ƙasa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ji abin da ke tafe ya ɗauka da ƙaramin mutum ya faru.

Da gwiwa ta ƙi, ƴaƴana suka haɗa baki suka raba ni da aiki. Ina zaune a gida kamar tsohuwar kujera sai ciwon haƙori ya kai ni wurin likita. A kan kanta, kusa da inda yake wanke hannu, na hango wani ɗan gida da aka yi da bulon roba, irin ƙananan nan masu launi da ake danna wani a kan wani su kama. Na ɗauka na jikokinsa ne. Bakina a sanƙare da allura na ce masa duk wanda ya yi gidan nan bai san aiki ba, don ya ɗora nauyin bene a kan taga. Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce shi ya gina, shi da furfurarsa, kuma suna da ƙungiya ta manya zalla, suna haɗuwa duk Asabar a saman wani shagon sayar da takardu. In na isa in zo in gwada.

In na isa! Asabar ɗin na je.

Ɗaki ne dogo mai fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Tebura huɗu a jere, bango ɗaya duk akwatunan roba ne an ware bulo launi-launi. Abin da ya fara kama ni ƙarar ce: in mutum ya zura hannu a akwati yana neman bulo, sai ka ce tipa ce ke juye tsakuwa. Na ji kamar na dawo gida. Kowane bulo yana da haƙora a samansa da yake cizon na sama da su, da haƙoran ake kiransa: mai huɗu, mai shida, mai takwas. Likita shi ne shugaba. Akwai Mai Kemis, wanda shi motoci da jirage ne aikinsa. Akwai Malama, tsohuwar shugabar makaranta, ita ke fitar da mujallar ƙungiya duk wata uku: shafi takwas, labarin sabon bulon da ya shigo kasuwa, wa ya gina me, ina za a yi baje koli. A bangon mujallar hoto ɗaya tak ake sawa. Tun ranar da na fara ganinta na san wurina a wannan bangon yake.

Kuskurena ɗaya ne, kuma da hannuna na yi shi: na kai Ɗan-Kwaɓi.

Ɗan-Kwaɓi ya zo hannuna yana ɗan shekara goma sha biyar. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauko mini kwaɓin siminti a ka, shi ya sa sunan ya bi shi. Sau nawa na ba shi cokali, bai taɓa jera bulo biyar a miƙe ba. Daga baya ya gudu ya koma tuƙin bas, ya tuƙa har ya tsufa, yanzu gidansa layi biyu ne daga nawa. Na ce ya riƙa raka ni don ya ɗaukar mini akwati, gwiwata ba ta son matakala. Makon farko ya zauna a gefe yana kallo. Mako na biyu ya fara wasa da ragowar da kowa ya ture, irin karkatattun nan da ni ban ma ɗauke su bulo ba. Kafin shekara ta zagayo, in ka shigo ɗakin inda ka ga an yi cincirindo to teburinsa ne.

Me yake yi? Shirme. Ya ɗauki tayar mota ya yi taga da ita. Ya kifa kofin shayin ƴan mutanen roba ya ce fitilar titi ce. Ya jera sitiyari goma sha biyu ya ce ƙarfen baranda ne. Su kuwa sai tafi. Malama ta sa shi a cikin mujalla sau biyu. Ni sau ɗaya na fito, shi ma hannuna ne kawai, ina miƙa wa Likita bulo. Mai ɗakina ce ta gane hannun saboda tabon da ke babban yatsa.

Duk shekara ƙungiya tana baje koli a zauren taron laburare. Bana Likita ya ce ba za a yi kowa da teburinsa ba, titi guda za a haɗa. Mutum goma sha ɗaya, kowa a ba shi faranti ɗaya, wato shimfiɗaɗɗiyar robar da ake gini a kai, ya yi gininsa a gida har da rabonsa na titin da ya bi ta gaba, ranar baje koli a jera su su zama unguwa. Mai Kemis zai kawo ƴar bas mai batir ta riƙa kai da komo a kan titin. Ginin da ya zauna a tsakiya kuma, Malama ta faɗa da bakinta, shi ne bangon mujalla.

Don kada a yi rigima, suna da yadda suke raba wuri. Aka zuba bulo goma masu ruwan toka da ja guda ɗaya a cikin safa, kowa ya zura hannu. Ni ne na bakwai. Na zura, na laluba, na fito da hannu a dunƙule, na buɗe a hankali don kowa ya gani.

Ja.

“Barka, Maigida!” in ji Ɗan-Kwaɓi, har yana tafa mini. Da aka raba sauran wuraren, shi na ƙarshen layi ya samu, bakin ƙofa.

Na ce, “Rabo ya san gidan mai shi. Kai ma wurinka ba laifi, za ka sha iska.”

Kafin mu watse Likita ya raba wa kowa takarda shafi biyu, cike da lambobi da zane-zane. Ya ce a karanta da kyau. Na karɓa don girmamawa. Ni da injiniyoyi masu hular kwano suke zuwa da takardunsu, in bar su su gama bayani sannan in yi abin da ya dace? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da na isa gida na tarar teburin da zan yi aikin yana ɗingishi, na ninke takardar huɗu na cusa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ta yi amfani ƙwarai.

Mako shida na yi ina ginin nan a ɗakin da babban ɗana ya bari. Gida ne mai hawa biyu, irin wanda mutum zai haifi ƴaƴa a ciki ya aurar da su. Na fara da abin da kowane magini na gaskiya yake farawa da shi: na ɗaga ƙasa. Sahu uku na bulo mai takwas na shimfiɗa a kan farantin gaba ɗaya, har da wurin titi, na bar hanyar ruwa a ƙarƙashi, sannan na fitar da harsashi. Kowane sahu na karya gaɓarsa, wato bakin bulo biyu ba ya taɓa faɗawa a kan bakin na ƙasa. Bangon ciki na saƙa shi cikin na waje. Matakala na saƙa ta cikin bango. Ƙasan bene na ɗaure shi da sahu biyu a gicciye. Inda ido ba zai taɓa gani ba ma na cika shi dam.

Mai ɗakina takan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

“Baban yara, wai ruwan me kake tsoro a kan tebur?”

“Haka kika ce wancan karon.”

“Wancan karon a bakin rafi muke.”

“Gini gini ne.”

“To Allah ya ba da sa'a. Amma in na ƙara taka bulon nan da ƙafa ba takalmi, da kai da gidan duk waje.”

A mako na uku Ɗan-Kwaɓi ya leƙo gaishe ni. Ya durƙusa ya daidaita idonsa da tebur, ya daɗe yana kallon sahu ukun nan. Ya sosa ƙeya.

“Maigida, aiki ya yi kyau. Sai dai... ka duba takardar nan kuwa? Akwai inda aka yi maganar tsayin titi.”

“Tsayi? Kai za ka koya mini tsayi?”

“A'a, ni wa? Cewa na yi...”

“Katangar makarantar nan da na ba ka ka ja mini igiya, ka tuna yadda ta fito? Kamar maciji ya haɗiyi ƙwai. Wa ya rushe ta ya sake?”

“Kai ne, Maigida.”

“To sha shayinka.”

Ya sha shayinsa. Da zai tafi na tambaye shi, kamar ban damu ba, shi me yake ginawa. Ya ce ɗan otal ne. Na ce Allah ya tsare masu kwana a ciki.

Ranar baje koli ƙarfe takwas muka isa, za a buɗe wa jama'a sha ɗaya. Mutum biyu suka kama mini gidan daga mota, Mai Kemis yana nishi yana tambaya ko dutse na zuba a ciki. An haɗa tebura an rufe da baƙin yadi, an jera faranti biyar ta dama, an bar gurbina. Na sa aka sauke shi a hankali. Na ja da baya don in ji abin da za a ce.

Kowa ya zuba wa titin ido.

Titin ya taho sumul daga ƙarshen tebur, ya wuce shagon burodi na Malama, ya wuce asibitin Likita, ya iso wurina ya ci karo da bango. Nawa titin yana can sama, sahu uku, shi kaɗai. Mai Kemis ya ajiye ƴar bas ɗinsa ya kunna. Ta taho da fara'arta, ta daki harsashina, ta tsaya tana gurnani tayoyinta na juyawa.

Likita ya cire tabarau ya goge. “Baba, takardar ta ce titi a kan faranti zai kwanta, ba a ɗaga shi ko da sahu ɗaya.”

“Takarda ba ta taɓa ganin ambaliya ba.”

“Gaskiya ne. Amma bas ba ta wucewa.”

“Ku ɗaga naku.”

Mai Kemis ya ce, “Mu goma?”

Likita mutum ne mai haƙuri, ya saba da masu ihu a kujerarsa. Ya ce ba a yi asara ba, akwai fiye da awa biyu. A ɗage gidan a ajiye gefe, a cire sahu ukun, a mayar. Ya nuna mini da nasa: ya kama asibitin ya ɗaga hawa na sama kamar murfin tukunya, ya ɗaga na ƙasa, ya mayar, ko minti ɗaya bai yi ba. Ashe duk haka suke yi, hawa-hawa, a ɗora kawai ba a ɗaure ba.

Na haɗiye abin da na haɗiye na ce a gwada. Bangon mujalla ya fi sahu uku.

Muka kama mu huɗu. Akwai wani ɗan abu na roba mai baki kamar na buɗe kwalba da ake ɓamɓare bulo da shi. Likita ya karya nasa. Mai Kemis ya fasa farce. Ɗan-Kwaɓi ya kwanta a kan tebur yana neman gaɓa ɗaya da za a soma ta wurinta, babu. Harsashi ya ciji bango, bango ya ciji matakala, matakala ta ciji bene, titin ma na saƙa shi cikin barandar gaba. Abu ya zama dunƙule guda. In za a kai ga sahu ukun nan sai an faro daga rufi an sauko, bulo fiye da dubu huɗu, kuma mayarwa aikin makonni ne.

Likita ya miƙe yana yarfe hannu. “Ban taɓa ganin gini mai ƙarfin wannan ba.”

Shekara biyu ina jiran wannan magana daga bakinsa. Ta zo a ranar da ba ta da amfani.

Ɗan-Kwaɓi ya ce ko a yi gangara ta kowane gefe, bas ta hau ta sauka, shi zai yi yanzu. Mai Kemis ya ce batirin ba zai ja ba, kuma gangarar za ta toshe ƙofar maƙwabta biyu. Sai Malama ta faɗi abin da kowa ke tunani: a kai gidan Baba ƙarshen layi, inda titi ya ƙare dama, a kawo na ƙarshe tsakiya.

Na ƙarshe. Sai a lokacin Ɗan-Kwaɓi ya buɗe kwalayensa uku, ya ɗora wannan kan wancan.

Hawa tara. Fari da shuɗi, gilashi tun daga ƙasa har sama, baranda a kowane hawa, a can ƙoli wani allo yana juyawa da kansa. Ya danna wani abu, tagogi suka kama da wuta. Malama ta dafe ƙirji. Mai Kemis ya manta da farcensa. Ni kuwa na zagaya ta baya, don gini ta baya ake saninsa. Wallahi babu komai. Fuska ce kawai da gefe biyu, ciki fayau sai wayoyi, ka zura hannu har kafaɗa. Gaɓoɓin kuwa a jere suke tun daga ƙasa har hawa na tara, baki kan baki, abin da na mari leburori a kansa. Na ji sanyi a raina. Na ce a zuciyata, wannan ba zai kai azahar ba.

“Maigida, ka yi haƙuri,” in ji Ɗan-Kwaɓi, murya ƙasa-ƙasa. “Wallahi ban so haka ba.”

“Haƙurin me? Je ka tsaya kusa da kayanka. Ka tanadi tsintsiya.”

Aka buɗe ƙofa. Na ja kujera na zauna kusa da gidana, amma idona yana tsakiya. Jama'a suka shigo, su wuce ni kamar mai gadi, su tafi can su taru. Wata mata ta tsaya a wurina, na gyara zama, sai ta ce, “Baba, ina ne banɗaki?” Wani mutum mai jaka ya leƙa gidan ta taga, ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ya ce wannan kurkukun unguwar ne? Na ce masa eh, kuma akwai ɗaki ɗaya da ba kowa.

Ina ta jira. Yara suka zo da gudu suka bangaji tebur, otal ya yi rawa ya tsaya. Wani ƙato ya jingina da gwiwar hannu yana ɗaukar hoto, ya yi rawa ya tsaya. Aka kunna babbar fanka tana hura shi kai tsaye, allon ƙoli ya ƙara sauri, shi ke nan. Azahar ta yi ta wuce. Robar nan ba ta san doka ba. Inda siminti zai tsage, ita cizo kawai take ƙarawa.

Zan faɗi wani abu a nan, don ni ba na ɓoye laifina, nawa ma ya fi na wasu kyau. Wajen ƙarfe uku mutane sun ragu, na tashi kamar mai miƙe ƙafa, na bi ta bayan tebur, da na zo daidai tsakiya na ba teburin ƙugu. Ba da ƙarfi sosai ba. Daidai yadda zan gwada katangar da nake shakka. Otal ya sunkuya gaba, ya dawo baya, ya tsaya ƙyam da fitilunsa. Abin da ya faɗi ɗaya ne: wani ɗan mutumin roba a gaban shagon burodi.

Malama ta ɗago kai daga littafinta. Shekara talatin tana kama yara masu satar amsa. Ta dube ni, ta dubi teburin, ta tsayar da ɗan mutuminta.

“Baba, jiri ne? Ga kujera can.”

Na koma na zauna.

Ƙarfe huɗu ta hau kan benci da kyamara ta ce kowa ya tsaya a bayan gininsa. Na tsaya a bayan nawa, can bakin ƙofa. Ta duba, ta matsa baya, ta sake dubawa, ta ce hoton ba ya ɗaukar fiye da gini biyar na tsakiya, na gefe su matso ciki. Kowa ya matsa. Ni ban motsa ba.

“Maigida!” Ɗan-Kwaɓi ya ɗaga murya. “Zo nan. Jan bulo kai ka ciro, wurin naka ne.”

“Ina nan inda aikina yake.”

“Don Allah, Baba, hannuna ya gaji,” in ji Malama.

Na taka na je, da niyyar in gaya masa a kunne cewa ba na karɓar sadaka. Kafin in buɗe baki ya kama kafaɗuna ya tura ni gaba, shi ya koma baya. Mutum ne gajere. Haske ya walƙa.

Bayan mako biyu mujalla ta fito. Ga otal a tsakiya yana ƙyalli, ga ni a bayansa tsaye ƙiƙam, hannuna ɗaya a kan tebur kamar mai shi. Ɗan-Kwaɓi kunnensa ɗaya da rabin hula ne suka fito a bayan kafaɗata. Malama ta rubuta gaskiya a shafi na huɗu, wa ya gina me, amma wa ke kai wa shafi na huɗu? Ƴata ta ɗauki hoton bangon a waya ta tura wa dangi kaf.

Surukina ne ya fara bugowa. “Baba, ashe haka abin yake! Hawa tara!” Na yi tari na ce layin ba ya da kyau. Mai shagon kan kwana ya tare ni ya ce tsohon hannu ba ya ruɓewa. Na ce masa uhm. Mai ɗakina tana jina.

“Uhm ɗin me? Naka ne?”

“Na ce nawa ne?”

“Ka ce ba naka ba ne?”

Na ɗauki sandata na fita aski.

Shagon a cike yake, mutum shida a benci, na ƙarshensu Ɗan-Kwaɓi. Ya tashi ya gaishe ni, aka ba ni kujera saboda girma. Mai aski ya ɗaura mini ƙyalle ya fara daga dama. Sai na hango mujallar a manne a jikin madubi, daidai inda fuskata take.

“Jama'a, kun ga mutumin nan?” in ji mai aski, yana nuna ni da injin. “Shekara nawa ina yi masa aski yana ba ni labarin gine-ginensa, ina cewa a raina tsoho dai da cika baki. To ga shi a takarda. Dubi baranda! Dubi tagogi! Baba, wata nawa ka yi?”

Aka ciro mujallar tana yawo a benci. Na dubi Ɗan-Kwaɓi ta madubi. Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

“Ai Maigida ba daga nan ba,” in ji shi. “Duk abin da ka gani a hoton nan, hannunsa ne.”

Da ya yi shiru, wataƙila da na sake yin tari. Amma a ce yaron da ya ɗauko mini kwaɓi shi zai rufa mini asiri a gaban mutane, ya yafa mini gininsa kamar tsohuwar riga? Kuma wane gini! Na ture hannun mai aski.

“Kashe injin nan. Ku dube ni da kyau. Ni na yi kama da wanda zai gina abu ba baya? Kwali ne, fanko, gaɓa kan gaɓa, ko kaza ba zan bari ta kwana a ciki ba. Ba nawa ba ne. Ga mai shi nan zaune, mai kunnen nan da kuke gani a bayan kafaɗata.”

Mai aski ya karɓi mujallar ya kai kusa da ido, ya dubi kunnen, ya juya ya dubi Ɗan-Kwaɓi.

“Kai? Direba? Kai ka yi wannan?”

“To... da ɗan abin da aka koya mana.”

“Fitilun fa, ya aka yi suka kama?”

Ya fara bayani, yana zana wayoyi a iska da yatsa. Benci ya matsa kusa da shi. Wani ya ce a nuna masa inda sitiyarin suke, wani ya ce ɗansa zai so ya gani, mai aski ya ajiye injin a kan kanta ya tafi ya tsuguna a gabansu. Na ce, da ƙarfi yadda za a ji, nawa ginin mutum huɗu suka taru a kansa suka kasa ɓamɓare bulo ɗaya. Wani ya ce “Allah sarki” bai ko waiwayo ba.

Na zauna da ƙyalle a wuya, rabin kai a aske rabi da gashi, ina kallon kaina a madubi har suka kai hawa na tara.